Alamomin da Ke Yaudara a Harshen Python da Dabarar Naɗe Ƙunshin Umarni

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na malaman reshe



An ɗora mana nauyin yin bayani a kan wani ɓangare na rubuta shirin kwamfuta, kuma mun zaɓi harshen Python domin yana cikin harsunan da aka fi koyar da masu farawa da su a duniya. Abu biyu za mu duba. Na farko, alamomin lissafi da na gwaji waɗanda ake sa wa a inda ba muhallinsu ba, da irin gargaɗin da harshen yake yi a kansu. Na biyu, dabarar naɗe ƙunshin umarni cikin wani ƙunshin, domin mu kafa namu gargaɗin a inda harshen ya yi shiru. Maganar da ta haɗa su guda ce: kuskuren da ya fi haɗari shi ne wanda kwamfuta ta karɓa ba ta ce uffan ba. Idan malami ya rubuta ɗan shirin da zai haɗa masa makin ɗalibai, alama ɗaya tak tana iya mayar da na ɗaya na goma, kuma ba wanda zai sani sai ranar da uba ya iso ofishin hedimasta da katin sakamako a hannu.

Alamar daidai da aikinta biyu

Mu fara da alamar da muka fi sani, wato layuka biyu a kwance, `=`. Wani likita kuma masanin lissafi ɗan yankin Wales na Birtaniya, Robert Recorde, shi ya fara amfani da ita a littafinsa na 1557. Ma'anarta a lissafi guda ce: abin da ke hagu da abin da ke dama nauyinsu ɗaya, kamar sikeli da ya tsaya cak. Da zamanin kwamfuta ya zo, sai harshen Fortran, wanda ya fito a 1957, ya ɗora mata wani aikin dabam, wato "ɗauki abin da ke dama ka zuba a cikin abin da ke hagu". Saboda haka a shirin kwamfuta ana rubuta `x = x + 1`, jimlar da duk malamin lissafi zai ja wa jan biro, amma a can ma'anarta ita ce a ƙara ɗaya a kan abin da ke cikin `x`.

Tun da alama ɗaya ba za ta yi aiki biyu ba tare da ruɗu ba, sai kowane harshe ya nemi mafita. Harshen Pascal na 1970 ya bar `=` a aikinta na gwaji, ya ɗauki `:=` domin zubawa. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1970, ya bi ta wata hanyar: `=` ta zama ta zubawa, `==` ta zama ta tambayar ko abubuwa biyu daidai suke. Matsalar ita ce C yana yarda a yi zubawa a cikin sharaɗi. Wanda ya yi nufin tambaya, amma yatsarsa ta buga alamar sau ɗaya, ya ba da umarni ke nan bai sani ba.

Wannan rauni ya taɓa zama makami. A watan Nuwamba na 2003 aka gano cewa wani ya kutsa ya saka layuka biyu a cikin wani kwafi na zuciyar tsarin Linux, tsarin da ke tafiyar da ɗimbin manyan kwamfutocin intanet. Duk wanda ya karanta layukan da sauri zai ɗauka ana tambaya ne ko lambar mai amfani da na'urar sifiri ce, domin a Linux lamba 0 ita ce ta mai cikakken iko. Amma alamar guda ɗaya aka rubuta, don haka layin yana mayar da lambar mutum sifiri ne, wato yana miƙa masa makullan gidan gaba ɗaya. An kama abin ne saboda masu kula da ma'ajiyar sun lura canjin bai bi ta hanyar amincewa da aka saba ba, kuma bai kai ga shiga ainihin tsarin ba.

Guido van Rossum, ɗan ƙasar Holan wanda ya fitar da Python a 1991, ya ɗauki `=` da `==` irin na C, amma ya rufe waccan ƙofa. Idan muka rubuta `if maki = 40:` shirin ba zai ko tashi ba. Daga fitowa ta 3.10 ta shekarar 2021 ma saƙon kuskuren yana tambayar marubuci ko `==` yake nufi. Da aka ga akwai bukatar zubawa a cikin sharaɗi, sai aka ware mata alamarta, `:=`, a fitowa ta 3.8 ta shekarar 2019, domin kada mutum ya faɗa cikinta bisa kuskure. Wannan shi ne matakin kariya mafi ƙarfi: harshen ya ƙi aikin ɗungurungum. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kama da wane ba ta wane

Mataki na biyu shi ne inda harshen ba ya hanawa, sai dai ya yi gargaɗi. Misali mafi kyau shi ne kalmar `is`. Wanda ya san Turanci zai ɗauka `maki is 100` da `maki == 100` abu ɗaya ne. Sun sha bamban. Mu ɗauki takardun naira ɗari biyar guda biyu. Darajarsu ɗaya, duk abin da wannan za ta saya waccan ma za ta saya, kuma wannan ita ce tambayar da `==` take yi. Amma kowace tana da lambarta ta daban a jiki, kuma in aka yaga ɗaya ɗayar tana nan lafiya. Tambayar `is` ita ce ko takarda guda ce ake nuna mana sau biyu.

Abin da ya sa wannan kuskure yake da wuyar kamawa shi ne, Python da aka fi amfani da shi ya daɗe yana ajiye kwafi ɗaya tak na kowace ƙaramar lamba daga -5 zuwa 256, domin sauri. Duk inda 100 ta fito a cikin shiri, wannan kwafin ɗaya ake nunawa, don haka `is` takan ba da amsar da ake so. Ku duba yadda tarkon ya dace da aikinmu. Makin darasi ɗaya ba ya wuce 100, saboda haka malami zai gwada shirinsa da maki ɗaiɗai ya ga komai daidai. Ranar da ya haɗa jimlar darussa uku ta kai 300, sai `is` ta ce ba daidai ba, alhali lissafin bai yi kuskure ba. Wannan iyaka ta 256 kuwa tsari ne na cikin gida wanda masu harshen suna iya canza shi a kowace fitowa, ba alkawari ba ne da za a dogara da shi.

Domin haka, tun daga fitowa ta 3.8, idan Python ya ga an gwada `is` da lamba ko da rubutu kai tsaye, sai ya fitar da gargaɗin da ake kira `SyntaxWarning`, ya nuna layin, ya tambaya ko `==` ake nufi, sannan ya ci gaba da aiki. Muhallin `is` na gaskiya shi ne irin `maki is None`, wato tambayar ko ba a shigar da maki ba sam, domin `None` guda ɗaya ce a duk faɗin shiri.

Alamomin da ba a gargaɗi a kansu

Mataki na uku shi ne inda ba hani ba gargaɗi, kuma a nan ne aka fi yin asara. Za mu kawo guda huɗu.

Ta farko, `^`. Wanda ya saba da Excel ya san `10^2` tana ba da 100. A Python amsar 8 ce, domin can alamar tana gwada lambobin biyu ne a tsarin sifiri da ɗaya, gurbi da gurbi: 10 ita ce 1010, 2 ita ce 0010, inda suka saɓa a sa ɗaya, inda suka dace a sa sifiri, sai a samu 1000, wato 8. Alamar ninka lamba da kanta a Python ita ce `**`. Wannan ruɗu ya yawaita har ta kai GCC, ɗaya daga cikin manyan na'urorin fassara harshen C, ya fara gargaɗi a kansa a fitowarsa ta 13 a 2023, amma Python yana karɓar layin shiru.

Ta biyu, `or`. Muna son zaɓo 'yan aji biyar da aji shida, sai mu rubuta yadda baki yake faɗa: `if aji == 5 or 6:`. Python yana raba wannan gida biyu: ko aji daidai yake da 5, ko kuma 6. A wurinsa duk lambar da ba sifiri ba gaskiya ce, don haka sharaɗin ya cika a kan kowane yaro, har da ɗan aji ɗaya. Daidai shi ne `if aji in (5, 6):`.

Ta uku, alamar rabawa. A Python na yanzu `79 / 2` tana ba da 39.5, amma `79 // 2` tana ba da 39, ta zubar da rabin. A tsohon Python na 2, wanda aka daina kula da shi a farkon 2020, alama ɗayar ma 39 take bayarwa idan lambobin cikakku ne. Duk wanda ya kwafo misali daga tsohon littafi sai ya lura da wannan, domin rabin maki yana iya raba wanda ya ci da wanda ya faɗi.

Ta huɗu ita ce ta fi kusa da mu, wato `+`. Duk abin da aka buga wa shiri ta hanyar `input` rubutu ne a wurin Python, ko da lamba muka gani da ido. Alamar `+` kuwa tana haɗa lambobi, amma rubutu jera shi take yi. Yaron da ya samu 30 a gwaji da 45 a jarrabawa, in ba a mayar da makinsa lamba ba, jimlarsa za ta fito 3045. Wannan ma da sauƙi, ido zai kama shi. Wanda ido ba ya kamawa shi ne jeri: a matsayin rubutu, "9" ta fi "85" girma, domin harafin farko ake fara dubawa kamar a ƙamus. Sai mai maki tara ya hau kan mai tamanin da biyar.

Python ba zai iya gargaɗi a kan waɗannan ba, domin kowanensu halattaccen aiki ne a wani wurin. Harshen bai san muna haɗa maki ba, mu ne muka sani. To, yaya za mu sanar da shi? Nan dabarar naɗewa ta shigo.

Naɗe ƙunshin umarni

Ƙunshin umarni shi ne layukan da aka tara wuri ɗaya aka ba su suna, a miƙa musu kaya su yi aiki su dawo da sakamako. Naɗe shi kuwa shi ne a rubuta wani ƙunshin da zai tsaya a bakin ƙofarsa kamar mai gadi: ya karɓi kayan, ya duba su, ya miƙa ciki, ya karɓo sakamakon ya mayar wa mai shi. Na cikin ba a taɓa ko harafi ɗaya nasa ba. Python ya ware wa wannan dabara alamar `@` tun fitowa ta 2.4 a 2004, kuma masu harshen suna kiran irin wannan mai naɗewa dekoreta. Ga misali, kamar yadda yake a takardar da aka raba. Za ku lura mun sa sunaye da haruffanmu masu lanƙwasa, domin Python na 3 yana karɓar su.

```
import functools
import warnings

def mai_gadi(aiki):
    @functools.wraps(aiki)
    def naɗaɗɗe(*lambobi):
        for m in lambobi:
            if not isinstance(m, (int, float)):
                raise TypeError("dole maki ya zama lamba")
            if m < 0 or m > 100:
                warnings.warn("maki ya fita daga 0 zuwa 100",
                              stacklevel=2)
        return aiki(*lambobi)
    return naɗaɗɗe

@mai_gadi
def haɗa_maki(gwaji, jarrabawa):
    return gwaji + jarrabawa
```

Ainihin aikin layi ɗaya ne, na can ƙasa. Amma yanzu duk wanda ya kira `haɗa_maki`, mai gadi ne zai fara tarbarsa. In rubutu aka kawo, sai ya tsayar da shirin nan take, domin ba yadda za a yi jimlar ta fito daidai. In kuwa lamba ce amma ta wuce iyaka, kamar 450 a maimakon 45, sai ya yi gargaɗi ya bar aikin ya wuce. Wannan bambanci shi ne hukuncin da marubucin shiri yake yankewa da kansa: abin da ba ya yiwuwa a hana shi, abin da ake shakka a kansa a ja hankali. Ribar naɗewa kuma ita ce sau ɗaya ake rubuta mai gadin. Ƙunshin fitar da matsakaici da na jera matsayi duk sai a ɗora musu `@mai_gadi` a kai, kuma ranar da doka ta canza wuri ɗaya za a gyara.

Akwai wani abin da ya ɗaure ɓangarorin jawabin nan biyu. A Python yawancin alamomi ƙunshin umarni ne a ɓoye. Idan muka rubuta `a + b`, harshen yana kiran wani ƙunshi mai suna `__add__` da ke manne da `a`, haka `==` tana kiran `__eq__`, `^` kuma `__xor__`. Ma'ana, wanda ya ƙirƙiro nasa nau'in abu, a ce nau'in maki, yana iya naɗe waɗannan ƙunshe-ƙunshen ya sa su yi gargaɗi duk lokacin da aka sa alamar a inda ba ta dace ba. Manyan ɗakunan kayan aiki suna yin irin haka. A NumPy da pandas, waɗanda masu nazarin alƙaluma suke amfani da su, in mutum ya sa `and` tsakanin jerin lambobi biyu, sai shirin ya tsaya ya ce ba a san gaskiyar da ake nufi ba, ta dukkan jerin ko ta wani daga ciki. Sai dai dabarar tana da iyaka. Kalmar `is` ba ta kiran kowane ƙunshi, ba abin da za a naɗe, shi ya sa sai harshen da kansa ne ya ɗauki nauyin gargaɗi a kanta.

Kura-kuran naɗewa

Mai gadi ma yana iya zama matsala, kuma wurare huɗu aka fi tuntuɓe. Na farko, a manta da kalmar `return` a gaban kiran na ciki: aikin zai gudana, amma sakamakon ya maƙale a hannun mai gadi, a samu `None` a gurbin makin kowane yaro. Na biyu, a manta da layin `functools.wraps`, wanda aka kawo a fitowa ta 2.5 a 2006. Aikinsa shi ne kwafe suna da bayanin na ciki a jikin na waje, kamar yadda ake rubuta sunan mai wasiƙa a bayan ambulan. In babu shi, duk ƙunshin da aka naɗe zai amsa sunan `naɗaɗɗe`, sai mai neman kuskure ya rasa wanne ne wanne. Na uku, idan ƙunshin na manne da wani abu ne, kayan farko da ake miƙa masa shi ne abin da kansa, wanda aka saba kira `self`. Mai gadinmu na sama zai ɗauka maki ne ya kore shi, don haka sai an koya masa ya tsallake na farkon. Na huɗu, in aka jera masu naɗewa biyu ko uku, na ƙasa, mafi kusa da ƙunshin, shi ne yake fara naɗewa, na sama kuma shi ne yake fara tarbar baƙo.

Shi kansa gargaɗin yana da ɗabi'ar da ya kamata mu sani. Bisa tsarin asali, Python yana nuna gargaɗi iri ɗaya daga layi ɗaya sau ɗaya ne kacal. Idan makin yara arba'in ya bi ta layi guda, biyar daga ciki suka wuce iyaka, saƙo ɗaya za mu gani. Maganin wannan shi ne a sa sunan yaro ko makin a cikin saƙon, domin kowane ya zama na daban. Akwai kuma umarnin `-W error` da ake ƙarawa lokacin tayar da shiri, wanda ke mayar da kowane gargaɗi hani. Shawararmu ita ce a gwada duk shirin da zai taɓa sakamakon yara da wannan umarni kafin a amince da shi, kuma a gwada shi da makin da muka riga muka lissafa da hannu, har da manyan jimloli. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya shafi ajinmu

Yawancin ɗalibanmu na firamare ba su kai ga Python ba, amma tushen duk abin da muka faɗa a hannunmu yake. Masu binciken koyar da lissafi sun daɗe suna gwada yara da tambaya irin wannan: 8 + 4 = □ + 5. Yara da yawa sukan sa 12 a akwatin, wasu 17, alhali amsar 7 ce. Dalili shi ne sun ɗauki alamar daidai a matsayin umarnin "kawo amsa". Haka muke gani a littattafansu sun rubuta 3 + 4 = 7 + 2 = 9 a layi ɗaya, alhali uku da huɗu ba su taɓa zama tara ba. Yaron da ya tashi bai rarrabe tsakanin alamar da ke tambaya da alamar da ke umarni ba, shi ne gobe zai rikita `=` da `==`. Mu riƙa juya musu lissafi a allo, mu rubuta 7 = 3 + 4, mu rubuta 5 + 2 = 6 + 1, mu kawo sikeli aji in da hali. Inda makaranta take da kwamfuta, manhajar Scratch, wadda cibiyar MIT ta Amurka ta fitar domin yara a 2007, tana da amfani a nan, domin tubalin zuba lamba dabam yake da tubalin gwada daidaito, har launinsu da siffarsu sun bambanta.

Sannan mu koya musu karanta saƙon da na'ura ta fitar kafin su rufe shi. Yaro yakan tsorata da jan rubutu a fuskar kwamfuta kamar yadda yake tsorata da jan biro a littafinsa. In muka saba masa da cewa gyaran malami hanya yake nuna masa, zai karanta gargaɗin na'ura a natse, ya nemi lambar layin, ya koma ya duba alamar da ya sa.

Muna roƙon duk wanda yake da shirin haɗa maki, ko na Python ko na Excel, ya zo da shi zama na gaba mu gwada shi tare, tun kafin jarrabawar ƙarshen zango ta matso.